Hannun Mai Agashe

Ni ne mai agashen bakin tashar Gadarif,
wanda hayaƙinsa ke tsayar da direbobi tun la'asar.
Kakana ya taso daga yamma da ƙuli-ƙuli a tsumma,
ya nufi Makka, gona ta riƙe masa ƙafa a nan.
Gyaɗa ce ta yi mana ɗaki,
gyaɗa ce ta biya sadakin Kubura.

Sai ga Batula, shekara uku da wata biyu,
ta lashi yatsana wata Laraba da dare.
Kafin in juya tsinke leɓenta ya zama biyu,
ido ya rufe, numfashi na fita kamar ta bakin sarewa.
Na sungume ta, takalmi ɗaya a ƙafata.
Mai raksha bai tambaye ni ko sisi ba.

Likita ta rubuta abu uku a bayan takarda:
gyaɗa, riɗi, nonon shanu.
Na ce, riɗi kuma? A Gadarif?
Garin da ko iska ta taso da riɗi take tafe?
Ta ce, to, sai ku koyi zama da iskar.

Inna Tabawa ta ce mu da muka girma a kan tunkuza
ba mu san wannan sabon salo ba.
Ta faɗa, ta maimaita, ta kwana tana juyi.
Da asuba na tarar da ita a tsakar gida
tana kankare tsohon kasko da toka,
ba ta dube ni ba, ni ma ban ce komai ba.

Kubura ta sayo sabon turmi a kasuwa,
ta ɗaura masa jan ƙyalle a wuya:
wannan na Batula ne, ko aro ba a bayarwa.
A ciki take daka aya da dabino
da ɗan gero da ta soya sama-sama,
ta mulmula ƙanana kamar ƙwan kurciya.
Ran da babu aya, dankali ne a cikin toka,
a ɓare, a hura, a miƙa.
Tana jiƙa 'ya'yan kuka har ruwan ya yi fari,
yarinya ta sha ta ce ga nonona.
Wainar shinkafa da man auduga,
ayabar Kasala idan mota ta iso,
garin magarya, gwaiba an cire mata 'ya'ya,
zoɓo mai sanyi daga tulu in rana ta take.
Kullum sai an tambayi mai shago:
da wane mai aka soya? Da wane ludayi aka ɗiba?
Har sun gaji da mu. Su gaji.

Ranar Sallah maƙwabta suka cika mata hannu da alawar riɗi.
Ta tsaya a ƙofa, ta ɗaga tafinta sama,
ta ce, Baba, wannan nawa ne ko na mutane?
Na ce na mutane ne.
Ta kai wa ɗan Sitta Nafisa, ta dawo tana karkaɗe hannu,
ni kuwa na shiga bayan ɗaki na daɗe.

Yanzu in na tashi daga tasha, ba na shiga kai tsaye.
Akwai bokiti a zaure, da sabulu, da wata riga a ƙusa.
Ina wanke hannu har gwiwa, in bi ƙarƙashin farce,
in wanke gemu, in kurkure baki.
Tana tsaye a bakin tabarma, ba ta ƙetarewa,
tana ƙirga mini: ɗaya, biyu, biyar, tara.
In na gama sai ta shinshina tafina kamar mai sayen turare,
sannan ta buɗe gwangwaninta,
ta zaɓo wadda ta fi ƙanƙanta,
ta sa mini a baki.
Ci, Baba, ta ce,
babu gyaɗa a ciki, kada ka ji tsoro.